Yadda Ake Daidaita Iska da Mai a Inji Mai Shan Fetur da Aka Gauraya da Etanol

Gabatarwa

Injin fetur ya zama abokin aikin manomi. Da shi ake ban-ruwa a fadama, da shi ake niƙa da sussuka, kuma shi ke jan akori-kurar da ke kai amfanin gona kasuwa. Idan injin ban-ruwa ya mutu a lokacin da tumatir ke fure ko alkama ke fitar da kai, kwanaki kaɗan sun isa su jawo asarar wahalar shekara. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe inji shi ne rashin daidaito tsakanin iska da man da yake sha, musamman idan an gauraya fetur ɗin da etanol. Wannan darasi zai nuna maka dalilin haka da matakan gyara.

Mene ne etanol?

Etanol wani ruwa ne mai kama wuta da ake tatsowa daga rake, rogo, masara ko dawa mai zaƙi. Ana gauraya shi da fetur, a sa wa gaurayen suna bisa yawansa. E10 na nufin kashi 10 cikin ɗari etanol ne, kashi 90 fetur. E20 kuwa kashi 20 ne. Ƙasar Brazil ta fara babban shirinta na etanol daga rake a 1975, kuma mafi yawan fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka E10 ne. A Nijeriya, manufar gwamnatin tarayya ta 2007 kan man da ake samu daga tsirrai ta amince da gauraya kashi 10 cikin ɗari. Ba lallai ne a rubuta maka a gidan mai ko wurin 'yan bumburutu abin da ke cikin man ba, don haka yana da kyau ka iya ganewa da kanka.

A lura cewa wannan darasi bai shafi tarakta ko wani inji mai shan gas ba.

Me ya sa etanol ke canza lissafi?

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Domin kilo 1 na zallan fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Etanol kuwa yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, kimanin kashi 35 cikin ɗari na nauyinsa, saboda haka iskar da yake nema daga waje kaɗan ce. Ga yadda abin yake:

Zallan fetur: iska 14.7, mai 1
E10: iska kimanin 14.1, mai 1
E20: iska kimanin 13.5, mai 1
Zallan etanol: iska 9, mai 1

Kafireta ba ta san irin man da aka zuba mata ba. Awon da aka saita ta a kai, shi za ta ci gaba da bayarwa. Idan an saita ta a kan zallan fetur aka zuba E10, iska za ta rinjayi mai, domin injin yana buƙatar ƙarin mai kimanin kashi 4 cikin ɗari. Wannan tazara ba ta da yawa, amma idan ta haɗu da dattin kafireta ko tsagewar tiyo, sai inji ya shiga yunwar mai. Inji mai yunwar mai yana ɗaukar zafi fiye da kima, kuma zafin kan ƙona bawul ko ya huda fistin.

Haka kuma ƙarfin lita ɗaya ta etanol bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin lita ɗaya ta fetur ba. Saboda haka inji zai sha E10 fiye da zallan fetur da kimanin lita 3 a kowace lita 100. Wannan ba ciwo ba ne. Kada ka matse mai domin ka rage shi, gudun kada garin neman ƙiba a samo rama.

Yadda za ka gane ko akwai etanol a cikin mai

1. Ka sami farar kwalba siririya da sirinjin awo.
2. Ka auna ruwa mililita 10 ka zuba, ka yi alama a inda ya tsaya.
3. Ka ƙara fetur mililita 90, ka rufe, ka girgiza sosai.
4. Ka ajiye ta minti 10 har ruwan ya kwanta a ƙasa.

Idan ruwan yana nan a kan alamarsa, babu etanol. Idan ya kusa ninka tsayinsa na farko, man yana kusa da E10, domin etanol yana barin fetur ya bi ruwa. Idan ya haura haka da nisa, kada ka zuba man a ƙaramin inji, domin masu ƙera ƙananan injuna irin su Honda ba su yarda a wuce kashi 10 ba. Wannan gwaji ba ya bambanta etanol da metanol, wanda ya fi shi illa ga inji. Shi ne aka samu da yawa a fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022, wanda ya lalata motoci.

Alamomin rashin daidaito

Idan mai ya yi kaɗan, inji yana wuyar tashi da safe, ƙararsa tana hawa tana sauka, yana shaƙewa idan an ba shi totur, salansa tana harbi, kuma bakin fulogi yakan yi fari fat. Gwaji mai sauƙi shi ne ka rufe cok rabi yayin da inji ke aiki. Idan ƙarar ta daidaita, to yunwar mai ce.

Idan mai ya yi yawa, za ka ga baƙin hayaƙi, ka ji warin ɗanyen fetur, bakin fulogi kuma ya yi baƙi da kunkunniya.

Idan an dace, bakin fulogi yakan yi ruwan ƙasa mai haske, inji kuma ya riƙe murya ɗaya.

Kafin ka taɓa kafireta

Sau da yawa laifin ba na saiti ba ne. Ka fara da waɗannan:

1. Ka wanke ko ka canza matatar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta, sai ta ɓoye maka ainihin halin injin.
2. Ka kwance kofin da ke ƙasan kafireta ka zubar da ruwa da laka. Etanol yana narkar da tsohon dattin tanki ya tura shi cikin jet.
3. Ka wanke jet da fetur da iska. Kada ka zura waya ko allura, domin za ka faɗaɗa ramin.
4. Ka duba tiyon mai da gasket ɗin da ke tsakanin kafireta da inji. Tsohuwar roba takan kumbura ko ta tsage a cikin etanol.
5. Ka goge fulogi, ka daidaita bakinsa bisa littafin injin. A mota, bakanike ya fara daidaita lokacin wuta.

Matakan saiti

A yi wannan aiki a fili, nesa da wuta da taba. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa. Idan injin ban-ruwa ne, ka cika famfon da ruwa kafin ka tayar, domin gudu a bushe yana ƙona abin da ke hana shi yoyo.

1. Ka tayar da inji ya yi zafi na minti 10, ka buɗe cok gaba ɗaya, ka bar shi a silo.
2. Ka nemo sukurun da ke daidaita mai da iska, ka yi alama a inda yake domin ka iya komawa.
3. Ka lura da wurinsa. Idan yana ɓangaren da ke kusa da inji, na mai ne, kuma sassauta shi ke ƙara mai. Idan yana ɓangaren matatar iska, kamar a babura da yawa, na iska ne, kuma ɗaure shi ke ƙara mai.
4. Ka juya shi rubu'in zagaye zuwa wajen ƙarin mai, ka saurara na ɗan lokaci. Ka ci gaba a hankali har ka sami inda ƙarar ta fi ƙarfi da santsi. Idan ta fara raguwa, ka koma baya kaɗan.
5. Ka daidaita sukurun silo har inji ya zauna ba tare da mutuwa ba.
6. Ka sa shi aikinsa na rabin awa, ka kashe, ka bari ya huce, ka duba launin fulogi.

Wannan sukuru yana aiki ne a silo da ƙaramin gudu. A lokacin cikakken aiki babban jet ne ke ba da mai. Idan har yanzu akwai alamar yunwa a ƙarƙashin kaya, bakanike ya sa jet mai lamba ɗaya sama da na da. Kada a huda tsohon. Wasu sababbin injuna an rufe sukurunsu tun daga masana'anta, kada ka fasa murfin.

Ka kuma yi la'akari da wuri. A tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ba ta da nauyi kamar a kwarin Binuwai, don haka inji yakan riga ya karkata wajen yawan mai, kuma mai yiwuwa E10 ba zai buƙaci ƙari ba. Injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kamar ƙaramin janareta, ya fi kowanne jin jiki, domin idan fetur ya ragu, baƙin man da ke tare da shi ma ya ragu.

Motoci masu injekta

Waɗannan ba su da sukurun da za ka murɗa. Akwai na'ura a jikin salansa da ke auna oksijin a cikin hayaƙi, ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta ƙara mai da kanta. E10 ba ya gagarar ta. Amma idan na'urar ta mutu ko an cire ta, wannan gyara ba zai yiwu yadda ya kamata ba. Idan fitilar gargaɗin inji ta kama, a kai motar a duba ta da kwamfuta.

Ajiyar mai

Etanol yana zuƙar laima. Ruwa kimanin ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ya isa ya raba E10 gida biyu, etanol da ruwa su kwanta a ƙasan tanki, inda inji ke fara sha. Babu saitin da ke maganin wannan sai zubar da man. Ka ajiye mai a jarka mai rufi sosai a inuwa, kada ya wuce wata ɗaya. Idan noman rani ya ƙare, ka juye tanki da kofin kafireta kafin ka ajiye inji.

Kammalawa

Ka gwada man, ka tsabtace injin, sannan ka ƙara mai kaɗan-kaɗan kana duban fulogi. Ana shawartar malaman gona su nuna gwajin kwalba da karatun fulogi a taron ƙungiyoyin manoman fadama kafin a fara ban-ruwa. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ƙwararren bakanike.