Yadda ake zaɓen libarba mai gajeren baki don ɗauka a ɓoye a Amurka

Wannan bayani na mazauna Amurka ne, inda doka ta ba farar hula damar ɗaukar ƙaramar bindiga a jikinsa bisa sharuɗɗa. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Wanda ke gida ya karanta don ƙarin sani kawai.

Libarba mai gajeren baki ita ce wadda bututunta bai wuce inci 2 ko ɗan sama da haka ba, harsasanta kuma suna zaune cikin silinda mai juyawa, biyar ko shida. Tsohuwar ƙira ce. Kamfanin Colt ya fito da Detective Special a 1927, Smith & Wesson kuma ya kawo Chiefs Special a 1950, kuma a kan wannan ƙirar ake gina yawancin ƙananan libarbobinsa har yau. Abin da masu shago ba su cika faɗa wa sabon mai saye ba shi ne, tana da daɗin ɗauka amma tana cikin bindigogin da suka fi wuyar harbawa daidai. Duk zaɓin da za ka yi ya rataya a kan wannan.

Da farko, takardu

Kafin ka taka ƙofar shago, ka san matsayinka. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama riƙe bindiga ko harsashi. Wanda ya shigo da bizar karatu, ta aiki ko ta ziyara shi ma an hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun yanayi. Mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa suna da dama, muddin babu hukuncin babban laifi ko na dukan iyali a kansu. A wajen dillali mai lasisi, sai ka cika shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne, kuma ga baƙo tana iya kai wa ga korarsa daga ƙasar.

Saye daban, ɗauka a ɓoye daban. Fiye da rabin jihohi, ciki har da Texas da Jojiya, sun yarda a ɗauka ba lasisi. New York, New Jersey, Maryland da Kalifoniya sai da lasisi da horo, ko da yake hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen ya hana jihohi tilasta wa mutum kawo dalili na musamman kafin a ba shi. Lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, kuma gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya ba a shiga da bindiga. Ko jiharka ba ta wajabta horo ba, ka biya ka shiga ajin. A can ake koyar da lokacin da doka ta yarda a zare bindiga, kuma lokacin ƙanƙane ne ƙwarai: sai rai yana cikin haɗari na nan take.

Sannan nauyi, wanda shi ne uwar magana

A shago hannu yakan kai ga wadda ta fi sauƙi. Ka dakata. Gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon shurin da za ta yi maka in ta tashi.

Ta fuskar nauyi, aji uku ne. Ajin farko su ne na ƙarfe zalla: Smith & Wesson 640, Kimber K6s, Ruger SP101. Nauyinsu tsakanin giram 620 da 740 ne. Suna shanye shuri, za ka iya harba kwali guda na harsasai ba ka ji a tafin hannu ba. Amma a aljihu suna jan wando ƙasa, don haka wurinsu ƙugu ne, da ɗamara mai kauri. Na tsakiya su ne masu jikin alminiyam ko roba mai ƙarfi, kamar Smith & Wesson 642 da 442, masu kusan giram 410, da Ruger LCR da ta fito a 2009, mai kusan giram 380. Sai na ƙarshe, irin su Smith & Wesson 340PD, wadda aka haɗa da sikandiyam da titaniyam, nauyinta bai kai giram 340 ba, kuma an yi ta ne don harsashin .357 Magnum. A jikin bututunta ma an rubuta gargaɗi cewa kada a sa mata harsashin da nauyinsa bai kai giren 120 ba (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Harba Magnum a cikinta kamar a zabga maka taɓarya a tafin hannu ne. Mai ita yakan harba sau biyar ya ajiye, daga nan ba ya ƙara komawa filin koyo, kuma bindigar da ba a atisaye da ita hatsari ce a jikin mai ita da na kusa da shi.

Ra'ayina a fili yake: wanda zai ɗauka a aljihu ya tsaya a aji na tsakiya, wanda zai ɗaura a ƙugu ya ɗauki ta ƙarfe. Mafi tsadar nan mara nauyi, a bar wa wanda ya daɗe a harkar.

Gudumar baya

Ita ce ɗan ƙarfen da ke dukan gindin harsashi. A wasu tana waje tsirara, kamar a Smith & Wesson 637. A wasu an yi mata rumfa, kanta kaɗai ke leƙowa, kamar a 638. A 642 da LCR kuwa an rufe ta ɗungum a ciki. Don ɗauka a ɓoye, rufaffiyar ta fi, saboda ba ta sarƙe bakin aljihu ko gefen riga lokacin zarowa. Akwai wani dalili da ya fi wannan. In aka ɗana guduma da babban yatsa, kunama takan yi laushi sosai, taɓawa kaɗan sai ta tashi, kuma mutumin da ke cikin firgici hannunsa rawa yake yi. Rufaffiyar guduma tana tilasta maka jan kunama mai tsawo da nauyi kowane harbi, wanda ba ya faruwa bisa kuskure cikin sauƙi.

Harsashi

Ga yawancin mutane amsar ita ce .38 Special. A bututu mai inci 2, albarushin Magnum ba ya gama ƙonewa kafin harsashi ya fita, sai kaso mai yawa ya tafi a ƙara da walƙiya. Bindigar da aka yi don .357 tana cin .38 lafiya lau, amma ta .38 ba ta cin .357. In an rubuta +P a jikin bututu, tana ɗaukar .38 mai ƙarin ƙarfi, irin Speer Gold Dot mai giren 135 da aka tsara musamman don gajeren baki. Wanda shuri ke damunsa, tsoho ko mai ciwon gaɓɓai, ya gwada harsashi mai shafaffen kai na giren 148, ko ya duba libarba mai cin .32 H&R Magnum, wadda ke da sauƙin shuri kuma tana ɗaukar shida a silindar da .38 ke ɗaukar biyar.

Ka riƙe, ka ja, ka harba kafin ka biya

Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi. Ka yi hayar biyu ko uku ka gwada su a rana ɗaya, da harsashi iri ɗaya.

Abin da za ka fi lura da shi kunama ce. Janta yakan kai kilo 5, a jikin bindigar da ba ta kai rabin kilo ba, shi ya sa bakin ke kaucewa daga saiti yayin ja. Ka nemi izinin mai shago, ka buɗe silinda ka tabbatar da idonka babu harsashi, ka nuna bakin inda ya ce, ka ja a hankali kana kallon saitin gaba. In ya tsaya cik har gudumar ta faɗi, kun dace. In sai ka murɗe hannu kafin ka iya ja, ba taka ba ce. Mutane da yawa sun fi samun sauƙin kunamar LCR, amma yatsanka ne alƙali.

Mariƙi kuma ana iya canza shi da kuɗi kaɗan. Gajere ya fi ɓuya, amma ƙaramin yatsa yana rataye a iska. Na roba mai rufe ƙarfen baya yana rage zafin shuri sosai. Saitin yawancinsu ɗan tsagi ne a sama da ɗan tudu a gaba, da kyar ake ganinsa da magariba, don haka wasu sukan ɗiga wa na gaban fenti mai ruwan lemo. Kuma kada yatsan hannun tallafi ya kai daidai tsagin da ke tsakanin silinda da bututu. Wuta da iskar gas mai zafi suna fita ta nan, suna yanka fata.

In ta hannu ce za ka saya, ka ja kunama a kan kowane rami na silinda, ka ga tana kulle kafin guduma ta faɗi. Ka girgiza silindar gaba da baya, kada ta yi wasa sosai. A masu jikin alminiyam, ka buɗe ka haska tocila ƙarƙashin gindin bututu, don nan suke tsagewa. In ba ka gamsu ba, ka kai wa maƙerin bindiga.

Kube da ma'aji

Ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Kube dole ya rufe kunama gaba ɗaya, ko na aljihu ne ko na ƙugu. Aljihun da bindiga ke ciki ba a sa makulli ko tsabar kuɗi a cikinsa. Mai sa kaftani ya gwada zarowa a gida da bindiga babu harsashi, domin doguwar riga tana ɓoyewa da kyau amma tana jinkirta hannu, kuma aljihun gefen kaftani bai da ƙarfin riƙe nauyi. Harsasai biyar kaɗan ne, sake cikawa kuma yana cin lokaci, don haka ka riƙe ƙarin biyar a 'yar robar da ake jera su.

A gida, in ba a jikinka take ba, tana cikin akwati mai kulle. Gidajenmu cike suke da yara da baƙi, kuma yaro ya san saman kabad da ƙarƙashin katifa fiye da kai. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, kansu suka kashe. In akwai mai fama da matsananciyar damuwa a gidan, ko kai kanka, ka jinkirta sayen, ko ka fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda.

Ka kuma san abin da jiharka ta ce game da sanar da ɗan sanda in ya tsayar da kai. A Michigan wajibi ne ka faɗa nan take, a wasu jihohi sai an tambaya. A 2016 a Minnesota, ɗan sanda ya harbe Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, cikin motarsa jim kaɗan bayan ya sanar cewa yana ɗauke da bindiga. Don haka in an tsayar da kai, ka kashe mota, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗi cewa kana da lasisi da inda bindigar take, sannan kada ka kai hannu aljihu neman lasisin tuƙi sai ya ce ka ɗauko.