Darasin Lafiya: Ba Kowane Borin Jini Ake Kai Wa Kemis Ba

Hunturu ya kama, ƙura ta tashi, masu ɗurin busasshiyar citta a buhu sai atishawa suke. Mu kuma duk abin da ya feso a fata sai mu ce borin jini ne, a aiki yaro kemis ya sayo Piriton. To, a yi hattara.

Garkuwar jiki kamar maigadin shago take, aikinta kama ɓarawo. Amma wani lokaci sai ta rufe mai sayayya da duka, har ma da mai shagon. A 1963 wasu likitoci biyu a Ingila, Gell da Coombs, suka kasa wannan kuskure gida huɗu.

Na farko, mai zuwa nan take. Cikin mintoci bayan shaƙar ƙura, cin gyaɗa, harbin zuma ko allurar penisilin. Daga nan ake samun atishawa, borin jini da asma. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, Piriton ba zai yi ba. Allurar adiranalin ake buƙata, a hau mashin sai asibiti.

Na biyu, wanda garkuwa ke farfasa ƙwayoyin jini. Shi ne ke faruwa in an ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba. Haka matar da jininta Rh negetif ne, jaririn kuma fozitif: cikin fari yakan zo lafiya, na baya su zo da shawara mai tsanani, ko su mutu a ciki. Sai ka ji ana cewa iska ce. Akwai allurar Anti-D da ake yi wa uwa cikin awa 72 da haihuwa ko ɓari. Maigida, ka san rukunin jinin iyalinka?

Na uku, mai taruwa ya toshe. Garkuwa takan cuɗe da abin da ta kama, dunƙulen ya maƙale a ƙoda ko gaɓoɓi. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro ko ƙuraje masu ruwa, bayan 'yan makonni fuska ta kumbura, fitsari ya koma kalar shayi. Ƙodar ce, ba ƙiba ba.

Na huɗu, mai jinkiri. Sai bayan kwana 2 ko 3 yake nunawa, shi ya sa ba a gane musabbabi. Baƙin lalle mai dayis da ake yi wa amare, ɗankunnen ƙarfe mai arha, siminti a hannun birkila. Mafi haɗari shi ne na magani irin Septrin da Fansidar, wanda kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku: zazzaɓi, baki da ido su yi gyambo, fata ta fara saɓulewa. A tsayar da maganin, a tafi asibiti da kwalinsa a hannu.

Abin riƙewa: duk maganin da ya taɓa yi maka bori, rubuta sunansa ka sa a aljihu. Ko a Zonkwa, ko Kafanchan, ko ka je Kano sari, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya soka allura. Karo na biyu zai iya fin na farko muni.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.