Hattara da Cin Badalar Kano

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, sai a ji wani ɓangare na badalar Kano ya zube, jama'a su ce ruwa ne ya ci ta. Ruwa yana da nasa laifin, amma hannun mutum ne yake share masa hanya. Ganuwar da aka aza harsashinta zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ta sha damina ɗaruruwa tana tsaye, domin mutanen da suna fita aikin gayya su yi mata yaɓe. Yau kuwa a je gindinta da sassafe a gani: ga mai kura da shebur yana kwasar jar ƙasa zai kai wa magina, ga juji, ga wani ya sare gefe ya kafa shago. In aka rarake gindi, ruwan dare ɗaya ya isa.

Misalin badala kamar babbar riga ce da kaka ya bar wa zuriya, mai aska takwas, wadda aka yi shekara ana ɗinkinta. Wannan jika ya yanki ƙyalle ya toshe aljihunsa, wancan ya yanka ya yi wa ɗansa hula, kowa yana cewa ɗan abin da ya ɗiba bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka buɗe adaka za a nuna wa baƙo, sai a tarar wuyan rigar kaɗai ya rage. Wuyan nan shi ne ƙofofin da muke gani tsaye babu katanga dama da hagu.

Wani zai ce gari ya cika, mutane na neman wurin kwana, kuma yanzu babu mahara da za a tare da tarin ƙasa. Gaskiya ne gari ya cika. To amma wanda ya gutsuri badala bai rage cunkoso ba, kansa kawai ya yi wa fili da dukiyar al'umma, kuma malamai ba su gaji da gargaɗi ba game da azabar wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar da ba tasa ba. Batun amfani kuwa, tun 2007 badalar take cikin jerin wuraren da ake nema wa rajistar UNESCO. Me za a nuna wa masu dubawa in sun zo? Abin kunya ne mutum ya riƙa bugun ƙirji da Kano ta Dabo alhali ɗakinsa da ƙasar ganuwarta ya gina shi.

Ba badala kaɗai ba, sauran wuraren al'umma na Kano ma amana ne. Wanda ya shiga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammed kada ya yage shafi, in ya ari littafi ya mayar. A kai yara Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da marinar Ƙofar Mata. Dutsen Dala ba makewayi ba ne.

Jama'a, duk wanda ya ga ana haƙar badala kada ya kau da kai. Ya sanar da mai unguwa ko hukumar kula da kayan tarihi tun kafin kurar ta bar wurin.