Wasiƙar Nasiha ga Matasa Masu Zane na Gidan Goga da Kewaye

Zuwa ga matasa masu sha'awar zane a Gidan Goga da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara. Wannan wasiƙa ta shafi wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu zane da ke haɗuwa a intanet, wato gasar zane mai jigo, inda ake fitar da maudu'i ɗaya a ƙayyade masa wa'adi, kowa ya zana abin da ya fahimta, sannan a baje ayyukan wuri guda domin jama'a su gani. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai Inktober, wadda Jake Parker, wani mai zane ɗan Amurka, ya fara a 2009 domin horar da hannunsa a zanen tawada, kuma tun 2016 ake fitar da jerin kalmomi 31, kowace rana ta watan Oktoba da tata.

Amfanin wannan tsari a fili yake, domin mai zanen da aka bari da zaɓinsa yakan yi ta maimaita abin da hannunsa ya saba, amma jigo yana tura shi inda bai taɓa zuwa ba, wa'adi kuma yana koya masa kammala aiki. Biro da takarda da wayar ɗaukar hoto sun isa shiga.

Abin damuwa shi ne kwaikwayo. Idan aka ba da jigon ruwa, sai a ga yaron Bakura ya zana tekun da ya gani a waya, alhali ya tashi kusa da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, da magudanan da ke shayar da gonakin shinkafa, da masunta a cikin kwalekwale, da manoman rani da ke sammako. Ruwan nan kuwa yana da tarihi mai nauyi, domin a 1980 manoman da aikin madatsar ya raba da gonakinsu sun tashi neman diyya, kuma an rasa rayuka a lokacin da aka murƙushe su. Wanda ya zauna da dattawan garinsu ya ji wannan labari daga bakinsu, zanensa na ruwa zai ɗauki abin da babu wani mai zane a Landan ko Legas da zai iya kawowa, kuma da wannan ne kawai aikinsa zai fita daban a cikin dubban hotuna masu kama da juna.

Wannan ba sabuwar shawara ba ce. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa a ɗauki dabarun Turawa a haɗa su da fasahar gida, har Okeke ya koma ga uli, wato zanen jiki da na bango na matan Ibo. Ɗan Zamfara yana da nasa gadon a zanen bango, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya, da zayyanar allo. Wanda yake ƙaurace wa zana abu mai rai saboda addini ma ya sami fili mai faɗi a nan.

Ana kuma jan hankalin matasa game da matsalar tsaro da ta addabi yankin, domin jigo kamar gida ko hijira zai kai su can dole. Su zana, amma kada su sa fuskar wanda aka zalunta ta yadda za a gane shi, kada kuma su mayar da baƙin cikin maƙwabci hanyar neman yabo. Haka nan gabatar da aikin wani, ko hoton da na'ura ta haɗa, da sunan aikin hannu, cin amana ne.

Abin da ake roƙo shi ne masu zane na waɗannan ƙananan hukumomi uku su haɗa kai su riƙa fitar da jigonsu da Hausa kowane wata, su nemi zaure a makarantun sakandare ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su rataye ayyukansu inda iyaye da malamai da ƙannensu za su gani da idonsu. Allah ya yi musu jagora, ya kawo zaman lafiya a Zamfara.