Ajin Yaƙi da Jahilci da Cibiyar Sana'a: Riƙe Su Tare

Kin yi wata uku kina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kin iya rubuta sunanki, kina karanta lambar waya ba mai taya ki. Madalla. To amma kada ki ce sai kin gama kafin ki nemi sana'a. Ajin manya da rani ake yinsa. Ruwa na sauka kowa ya nufi gona, kafin a yanke gero baƙaƙen sun fara zubewa. Karatun da ba a aiki da shi ba ya zama.

Za a ce miki taura biyu ba ta taunuwa. Wannan kam tana taunuwa. A jihar Washinton ta Amurka akwai tsarin I-BEST, inda malamin karatu da malamin sana'a suke koyar da manya a aji ɗaya. Mu a Tasawa da Mayahi kada ki jira wani ya haɗa miki su, ke za ki haɗa da kanki. Kai ma ɗan'uwa, da kai nake.

1. Fara da takardar haihuwa. Gobe da safe duba cikin adaka. In babu, je ofishin magajin gari a nuna miki yadda ake samun hukuncin kotu da ke maye gurbinta. Abin yana cin lokaci, kuma babu jarrabawar gwamnati da za ki zauna ba tare da ita ba. Haɗa da hotuna ƙanana.

2. Gaya wa malaminki niyyarki. Ki roƙe shi ya haɗa ki da sufeton yaƙi da jahilci, a rubuta miki shaidar matakin da kika kai.

3. Je cibiyar koyon sana'a da ƙafarki. Irin waɗannan cibiyoyi ne ake kira CFM, ana samunsu a matakin gunduma, don haka tambayi ta kusa da ke, ko kina Korgom, Urafan, Kanambakashe ko Isawan. Kada ki aika yaro. Ki ga darakta ki yi masa tambayoyi huɗu: wace sana'a ce ke da malami da kayan aiki bana, shekara nawa ne iyakar ɗauka, nawa ake biya, ƙarfe nawa ake tashi. Tambayar farko ta fi sauran nauyi. Sunan sana'a a jikin allo daban, keken ɗinki mai aiki daban, sai ki leƙa ɗakin ki ƙirga da idonki.

In an ce shekarunki sun wuce, ba a rufe ƙofa ba. Tambayi gajeren horo na asusun FAFPA, wanda ya fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya, ko ki kama wata tela a unguwa ta zama uwar ɗakinki.

4. Raba yini biyu: safe sana'a, yamma aji. In lokutan sun ci karo, tara abokan ajinki ku nemi malam ya matsa darasi bayan la'asar. Maganar girki, ɗiban ruwa da raino kuwa, a gama ta da maigida da mutanen gida tun kafin ranar farko, a san mai riƙe yaro.

5. Nan ne ribar take. Ware littafi guda na sana'a. Duk abin da kika ji da safe, awon kafaɗa, santimita, kuɗin yadi, sunan wani ƙarfe, rubuta shi ki kai aji da yamma a gyara miki. Ki ce malam ya ba ki lissafi da kayanki: zare na jika biyu, ɗinki jika uku, me ya rage? Mai saƙar kaba a bakin Gulbin Kaba ma haka za ta yi da tabarminta. A ganina shafi ɗaya na irin wannan ya fi maimaita abacada sau goma.

Kada ki guji Faransanci. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, kuma da shi aka sa wa yawancin kayan sunaye. Kalma biyar a mako, kowace da Hausarta a gefe.

6. Kuɗin almakashi, zare da na mota: shiga asusun Mata Masu Dubara. A nan jihar Maradi aka fara shi a 1991. Zubi kaɗan duk mako, rance idan an buɗe makaranta.

7. Mai son takardar boko, in karatu ya yi ƙarfi, tambayi sufeto yadda ake zama jarrabawa daga waje. Wannan maganar baɗi ce.

Makarantu suna buɗewa a watan Oktoba. Kafin nan takardar haihuwarki ta kasance a hannu, darakta kuma ya san fuskarki.