Gyaran Tsofaffin Tukwanen Renon Shuka Domin Ruwa Ya Riƙa Tsiyayewa

Gabatarwa

Saiwar shuka tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ruwa ya kwanta a cikin tukunya, iska ba ta kai wa ga saiwa, sai ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe. Wannan ne ke hallaka dashen tumatir, lemo da mangwaro da yawa, musamman da damina. Tsohuwar tukunya kuma takan ɓoye ƙwayoyin cuta irin su Pythium, masu kayar da ƙananan tsirrai tun daga gindi. Manomi zai iya gyara tukwanensa ba tare da sayen sababbi ba.

Matakan gyara

1. A zubar da tsohuwar ƙasa, a kankare farin gishirin da ya daskare a jikin tukunya, a wanke da sabulu.

2. A haɗa kashi 1 na sinadarin bilic, irin su Jik ko Hypo, da kashi 9 na ruwa. A jiƙa tukwane na minti 30, a ɗauraye sosai, a shanya a rana.

3. A buɗe ɓulolin da suka toshe. Idan babu, a huda 3 zuwa 5 a gindi, kowace faɗinta kamar santimita 1. Ana huda roba da ƙusa mai zafi. Tukunyar ƙasa kuwa, a fara jiƙa ta kwana ɗaya, sannan a huda a hankali don kada ta tsage.

4. A ɗora tsingaro guda a kan kowace ɓula domin hana ƙasa zubewa.

5. A cika da haɗin kashi 2 na ƙasar sama, kashi 1 na yashin rafi da kashi 1 na ruɓaɓɓen taki. Kada a danna ƙasar da ƙarfi.

6. A ɗora tukwane a kan bulo, kada gindinsu ya zauna cikin laka.

Abin lura

An daɗe ana shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya, amma bincike ya nuna hakan ba ya taimakawa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta ƙoshi, saboda haka jiƙaƙƙen wurin yakan ƙara matsowa kusa da saiwa.

Kafin dashe, a gwada da ban ruwa. Idan ruwa bai fito ta gindi cikin 'yan mintoci ba, a ƙara yashi a haɗin, a sake duba ɓulolin.