ME YA SA SABUWAR GONA TAKE SAURIN GAJIYA?

Sau da yawa manomi yakan sare kurmi, ya sa wuta, shekarar fari ya cika rumbu. Kafin shekara uku ko huɗu sai amfani ya ja baya. Ga dalili.

Ƙarfin kurmi ba a cikin ƙasa kaɗai yake ba. Ko manyan kurmin Kongo da na Amazon, yawancin ƙasarsu ba ta da ƙarfi. Abincin yana jikin itatuwa da ganyen da suka zubar. Masu juya shi kuwa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Aikinsu iri huɗu ne:

1. Waɗansu suna ruɓar da ganye da matattun rassa, su mai da su taki. Saiwa ta sha nan da nan, kafin ruwan sama ya wanke.

2. Waɗansu, dangin funfuna, suna manne wa saiwa, su miƙa zare siriri cikin ƙasa. Suna jawo wa itace ruwa da fosforas, wato sinadarin takin sufa. Itace kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya yi.

3. Waɗansu suna zama cikin 'yan ƙulle-ƙulle a saiwar gawo, gyaɗa da wake. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, sinadarin yuriya. Su ne ke kamo shi su ba shuka. Tuge gyaɗa, ka fasa ƙulli ɗaya. In cikinsa ja-ja ne, suna aiki.

4. Waɗansu masu cuta ne. Sukan taru a gindin itace su kashe 'ya'yansa da suka tsiro kusa, wani iri dabam ya sami wuri. Wannan na cikin abin da ya sa kurmi ke da itatuwa iri-iri.

In ka sare ka ƙone, toka ce kawai za ka ci. Ta ƙare, babu mai sabunta ta.

ABIN DA ZA KA YI

Kada ka ƙone ganye da kara. Bar su su rufe ƙasa.
Bar gawo a gonarka. Da damina yake zubar da ganye, ba zai tare wa hatsi rana ba.
Surka hatsi da wake ko gyaɗa.
Kada ka maimaita shuka ɗaya a wuri ɗaya kowace shekara.

In kana da tambaya, tuntuɓi malamin gona na yankinku.